Wata Nawa Ka Kawo?

Akwai tambayar da duk mai neman ɗakin haya a Yawunde zai sha kafin a tambayi sunansa, kafin a ce masa ina gajiya, kafin ma a nuna masa ƙofar ɗakin: wata nawa ka kawo? Wato kuɗin hayar wata nawa za ka zube a dunƙule tun ba ka kwana ko ɗaya a ciki ba. Wata shida na masu sauƙin kai ne. Akwai masu cewa goma, akwai masu cewa shekara cur. Wannan shi ake kira abans a garin nan. Bayansa akwai kosiyon, kuɗin ajiya da ake riƙewa wai ko za ka ɓata wani abu, yawanci na wata biyu, sannan ga la'adar dillali. Ra'ayina a kan wannan al'ada ba ɓoyayye ba ne. Na faɗa a rediyo, zan kuma rubuta a nan don wanda bai ji ba ya karanta: zalunci ne, kuma mu Hausawan Briqueterie mun fi kowa rashin hujjar yin sa.

Bari mu yi lissafi, don kada a ce ɗan jarida ya cika surutu. Ɗauki ciki da falo mai ɗan kicin da banɗaki, abin da ake ce wa situdiyo, a unguwar da ba ta masu kuɗi ba. Lokacin da nake nema, wanda ya yi mini daidai sefa 50,000 ne a wata. Wata shida 300,000 ke nan. Kosiyon 100,000. Dillali ya karɓi na wata guda, 50,000. Jimla 450,000, ba ka sayi katifa ba, ba ka sayi tukunyar gas ba, ba ka ba mai turin kaya ko sisi ba. To, a shekarar 2023 gwamnatin Kamaru ta mayar da mafi ƙarancin albashi a kamfanoni masu zaman kansu, ban da na aikin gona, sefa 60,000 a wata. Kafin nan 36,270 ne tun 2014. Wanda ke kan wannan albashi sai ya yi wata bakwai da rabi bai ci ba, bai sha ba, bai hau tasi ba, kafin ya tara kuɗin mabuɗi. Wani zai ce ai mai albashin 60,000 ba ya neman situdiyo, ɗaki guda yake nema. Na yarda. Ɗakin 20,000 mai banɗakin haɗaka, a kan wannan tsari, 180,000 ne, albashin wata uku ba a taɓa ko dala ba.

Kuma a duba wa ake tambaya wannan kuɗi. Mutumin da ya sauka jiya, bai ko ga albashinsa na farko ba. Kowa ya san yadda sabon ma'aikacin gwamnati ke jiran nasa a ƙasar nan. Ba don nishaɗi malaman makaranta suka ajiye alli a 2022 ƙarƙashin tutar OTS ba, kuma cikin abin da suka yi kuka a kai har da shekarun da ake yi ana aiki ba cikakken albashi, da kuɗin gida da ba a biya. Irin wannan mutum ake ce wa ya kawo na shekara. Daga ina? Sai ya kira gida. Uwa ta sayar da tumakinta a Garwa, yaya ya ci bashin adashi a Marwa, a haɗa a turo ta waya. Arewa, wadda ita ce ta fi ko'ina talauci a ƙasar, ita ke ba masu gidajen babban birni rancen da ba ruwa, ba shaida, ba ranar biya. Don abans rance ne, ko an ƙi ko an so. Ka ba mutum kuɗin abin da ba ka ci ba tukuna, ya juya shi a kasuwa ko ya ɗora wani bene, kai kuwa ka kwana da yunwa.

Ni daga Garwa na zo, mota zuwa Ngaundare, daga nan jirgin ƙasa na dare. Ina da takardar shaidar aikin jarida da wasiƙar ɗauka aiki a wani gidan rediyo, a zatona waɗannan biyu sun isa su sa a yarda da mutum. Abokin mahaifina, tela ne a Birik (haka muke gajarta sunan Briqueterie), shi ya ba ni wurin shimfiɗa tabarma tsakanin kekunan ɗinki bayan an rufe shago. Allah ya saka masa. Mako bakwai na yi a nan, kullum da asuba in naɗe tabarma kafin yaran shago su zo, in je in karanta wa mutane labaran duniya da murya kamar ta wanda ya kwana a kan katifa, da yamma in bi dillalai.

Dillalan nan sai an ba su babi nasu. Ba sa motsa ƙafa sai ka biya kuɗin gani, wani 2,000, wani 5,000, kuma kuɗin tasi ko babur a kanka yake. Ko ɗakin ya yi maka ko bai yi ba, kuɗin gani ya tafi. Ba a daɗe ba na gane cewa wasunsu ba haya suke nema wa kowa ba, gani suke sayarwa. Akwai wani ɗaki a bayan kasuwar Mokolo da dillalai uku daban-daban suka kai ni, a kwanaki uku daban-daban. Bangonsa ya jiƙe har ƙugu, tagar tana kallon kwata. Babu mai hankalin da zai kama shi, shi ya sa yake da daraja a wurinsu: ɗakin da ba ya kamuwa shi ne gonar da ba ta ƙarewa. A na ukun na ce wa mutumin, "Malam, ai na san ɗakin nan, har ƙadangaren da ke saman ƙofa ya gane ni." Ya yi dariya, bai mayar mini da kuɗina ba.

Amma dillali ɗan kore ne kawai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon nan ya daɗe da tsagewa. Ƙidayar 1976 ta samu mutum wajen 314,000 a Yawunde. Ta 1987 ta samu kusan 650,000. Ta 2005 ta samu sama da miliyan 1.8. Daga nan kuma ga waɗanda Boko Haram ta koro daga Arewa Mai Nisa tun 2014, ga waɗanda rikicin yankunan masu magana da Ingilishi ya koro tun daga 2016. Mutane na kwararowa, gidajen talaka ba sa ƙaruwa daidai da su. Wanda yake da ɗaki ya zama sarki, ya faɗi abin da ya ga dama.

A nan ne maganar Cité Verte ta shigo. Duk wanda ya taso daga Birik ya bi ta Mokolo zai iske ta, jerin benaye a kan tudu, da hanyoyi da aka tsara, da fili tsakanin gini da gini. Ita da Birik ƙaramar hukuma ɗaya suke, Yawunde ta biyu, amma kamar ƙasashe biyu ne. Rukunin gidaje ne na SIC, kamfanin gina gidaje na gwamnati da aka kafa tun 1952, kafin 'yancin kai, kamar rukunin Messa da na Mendong. Manufar a fili take: ma'aikaci mai matsakaicin albashi ya samu gida mai ruwa da wuta a kan haya mai sauƙi, ya biya wata-wata. A 1977 aka ƙara kafa hukumomi biyu don wannan buri, MAETUR mai yanka filaye da Crédit Foncier mai ba da rancen gini. Har gobe duk ma'aikacin da ke karɓar albashi a rubuce ana cire masa kashi 1 cikin 100 don Crédit Foncier, mai ɗaukar aiki ya ƙara kashi 1.5. Ni ma ana cire mini. Mai karatu, in kana da takardar albashi ka duba, za ka gani. Kowane wata muna zuba kuɗi a asusun gidaje, sannan mu fito mu durƙusa wa mai gida.

Me ya faru da Cité Verte? Abin da ke faruwa da duk abu mai araha a inda ake tsananin buƙata. Wanda ya samu ba ya saki. Mutum ya shiga yana ƙaramin ma'aikaci, ya girma, ya gina nasa a wata unguwa, amma mabuɗin yana aljihunsa. Ya sa ɗa, ɗa ya sa ƙani, ko kuwa a ba wani haya a ɓoye a kan kuɗin da ya ninka wanda ake biyan kamfanin. Wannan ba sirri ba ne, shi kansa kamfanin ya sha fitar da sanarwa yana gargaɗi a kan haya bisa haya. Ni ma an yi mini tayin irinta. Wani dattijo mai fara'a, wanda ya daɗe da komawa gidan kansa, ya nuna mini ɗaki ɗaya a cikin wani gida a can. Ya ce wata takwas zan kawo, babu takarda, babu rasit, kuma in wani ya tambaya in ce ni ɗan ƙanwarsa ne. Na dube shi, na dubi kaina, ko makaho ya shafa ya san ba mu haɗa kaka ba. Na ce, "Baba, in aka zo aka ce in fita fa?" Ya ce ai ba a zuwa. Wato in ba da kuɗin wata takwas, in ɗauki sunan da ba nawa ba, in zauna a gidan da aka gina da dukiyar jama'a don irina, a matsayin ɓarawon zama. Shi ke cin riba, ni ke kwana da fargaba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gwamnati za ta ce ai tana gini. An ƙaddamar da shirin gidaje 10,000 da filaye 50,000, an yi wasu benaye a Olembe, an yi wasu a Mbanga Bakoko ta Duwala. Madalla. Amma gida 10,000, ko da an kammala su duka a rana ɗaya, me za su yi wa birane biyu masu miliyoyin mutane? Kuma Olembe can bakin gari take. Wanda aikinsa ke tsakiyar birni sai ya lissafa kuɗin tasi, wanda ya tashi daga 250 zuwa 300 a 2023, ya koma 350 a 2024 bayan litar fetur ta kai 840. Abin da ka rage a haya ka mayar wa direba.

Sai doka. A watan Yuli na 2016 aka yi sabon kundin hukunta laifuka, aka sa sashe na 322-1. Ga abin da ya ƙunsa: ɗan hayar da ake bi kuɗin wata biyu, aka ba shi takardar gargaɗi, wata guda ya wuce bai biya ba bai kuma tashi ba, ana iya ɗaure shi daga wata shida zuwa shekara uku, ko a ci shi tarar 100,000 zuwa 300,000, ko a haɗa masa duka. Jama'a, a tsaya a auna. Ni in na makara wata biyu, kurkukun Kondengui na jira na. Shi in ya karɓi na wata goma sha biyu tun ban shiga ba, sunansa mai gida. In rufi ya yi yoyo a wata na biyu ya ƙi gyarawa, ba ni da abin riƙe shi, kuɗin suna hannunsa. In na tashi ya ce fenti ya dushe, ya cinye kosiyon. A tambayi duk wanda ya taɓa haya a garin nan, mutum nawa ya sani da aka mayar wa kosiyon cikakke?

Abin dariyar, in akwai dariya a ciki, shi ne sashen nan yana aiki ne kawai a kan hayar da aka yi wa rajista a hukumance. Masu gidajen da suka fi kowa ambaton sa kuwa su ne suka fi kowa gudun rajista, don rajista na kai sunansu ofishin haraji. Suna tsoratar da mutane da sandar da ba ta hannunsu. Duk ɗan hayar da aka yi wa barazanar ɗauri ya fara tambaya: ina takardar da muka yi wa rajista?

Wasu ƙasashe sun ga ɗaya gefen. Kodebuwa ta yi doka a 2018 da ta ce kada abans ya wuce wata biyu, kada kosiyon ya wuce wata biyu. Gana tana da doka tun 1963 da ta tsayar da shi a wata shida. Jihar Legas ta yi tata a 2011. Ba na cewa ana bin dokokin nan sau da ƙafa, wanda ya zauna a Akara ya san ana karɓar na shekara biyu ido na ganin ido. Amma aƙalla a can an rubuta cewa mai gida ma yana iya yin laifi. A nan sashen da kowane mai gida ya haddace shi ne na ɗaure ɗan haya.

Na san abin da masu gidaje za su ce, don sun faɗa mini a iska da kuma a bayan fage. Za su ce siminti ya yi tsada, ƙarfe ya yi tsada. Za su ce akwai 'yan hayar da ke shekara ba su biya ba, a kai su kotu a yi ta ɗage zama, in sun tashi kuma su tafi har da famfo da kwan fitila. Za su ce wata gwauruwa ce da ɗakuna huɗu kacal mijinta ya bar mata, da su take ciyar da marayu. Duk wannan akwai shi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma na san 'yan hayar da ni kaina ba zan ba su aron tabarma ba. Amma a duba wa ake hukuntawa. Don wani ya gudu da kuɗinka bara, sai ka ɗora wa wanda ya zo bana, wanda bai taɓa cin maka ko ƙwandala ba? Kuma abans ba ya tace mugu. Ɗan damfara ya fi kowa iya zube na shekara, don kuɗin ba guminsa ba ne. Wanda abans ke korewa shi ne malamin makaranta, da ma'aikaciyar jinya, da ɗalibi, da yaron da ya zo koyon ɗinki. Maganar gwauruwa mai ɗaki huɗu kuwa, ba ita ke neman na shekara ba. A nemana, tsofaffin matan nan su suka fi sassauci. Masu benaye uku da huɗu, waɗanda ba sa jiran kuɗin hayar kafin su ci abinci, su suka fi tsauri.

Yanzu bari in dawo gida, don a nan abin ya fi yi mini ciwo.

Yaya aka yi Birik ta zama Birik? Sunan daga wurin yin bulo ya samo asali, 'yan ƙasa kuwa Ekoudou suke ce wa wurin. Hausawa fatake sun iso yankin nan tun zamanin Jamus, da hajarsu a ka da bisa jaki, ba su da gona ba su da dangi. Abin da ya riƙe su shi ne abin da ya riƙe Hausawa a Sabo ta Ibadan, da zangon Kumasi, da New Bell ta Duwala: mai masauki. Baƙo ya sauka, a kai shi gidan wane, a ba shi ɗaki, a kawo masa tuwo, a ajiye masa kuɗinsa, a haɗa shi da mai saye, a tsaya masa in ya shiga rigima. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya rubuta littafi sukutum a 1969 a kan yadda wannan tsari ya riƙe cinikin shanu da goro a Sabo. Kada a ce ina yi wa mutanen da kwalliya: mai masauki ba sadaka yake yi ba, yana da la'adarsa in ciniki ya faɗa. Amma lura da tsarin. Sai baƙo ya samu sannan mai gida ya samu. Arzikinsa a ɗaure yake da na baƙonsa, shi ya sa yake so baƙon ya tsaya da ƙafarsa. Babu gidan asali a Birik da ba a kan wannan aka kafa shi ba. Kakan kowane alhaji da ke taƙama da bene a yau, wata rana ya sauka da ƙunshin kaya, wani ya ce masa bismillah, ga ɗaki.

Jikokin nan su ne yau suka yanka zauren saukar baƙi gida uku da falanki, kowane yanki da kuɗinsa. Su ne ke sa ƙaramar mita a ƙofar kowane ɗaki su sayar maka da wuta a farashin da suka yanka da kansu. Na je wurin wani da aka ce mini mutumin kirki ne, ba ya rasa sahun farko. Na gaishe shi a durƙushe, na faɗi sunan mahaifina da unguwarmu a Garwa, ya ce ya san gidan. Na ce, "Alhaji, a taimaka a karɓi na wata uku, ga takardar aikina, sauran in riƙa biya duk ƙarshen wata." Ya ja carbi, ya ce, "Yaro, nan Yawunde ne, ba Garwa ba." Wata goma ya ce, ko in ba wani wuri.

Nan Yawunde ne. Wannan kalma ita ce wankan tsarkin duk wani rashin tausayi a unguwar nan. Ai kakansa ma Yawunde ya sauka.

Kuma ya san ba ni da wurin zuwa da yawa, a nan ne cinikin yake. Ɗan Arewa da ya fita neman ɗaki a wasu unguwanni ya san irin kallon da ake yi wa hularsa, musamman daga 2014 zuwa yau. A waya a ce maka ɗaki na nan, ka iso a ji sunanka a ce yanzun nan aka kama. Ba kowa ke yin haka ba, kuma zan faɗi gaskiya, wadda ta ba ni ɗakina na farko a garin nan wata tsohuwa ce 'yar ƙabilar Ewondo, Kirista, a wani lungu tsakanin Madagascar da Cité Verte. Wata uku ta karɓa, ta rubuta mini rasit da hannunta, ta ce in dai ba na kiɗa da dare mun shirya. Amma da yawa ba sa samun irinta, sai su komo Birik, kusa da masallaci, kusa da mahauci, inda matar mutum za ta samu maƙwabciyar da za ta yi magana da ita. Masu gidajenmu sun san haka. Tsoron da ake yi mana a waje shi suka mayar jari a ciki.

Ban ma taɓo tuzuru da bazawara ba. Saurayi ya zo, a ce ba a ba marar aure. To ya yi auren ya kai ta ina, shagon tela? Mace ta zo ita kaɗai, ko ma'aikaciyar asibiti ce da aka yi wa canjin wurin aiki, sai an tambaye ta ina mijinta, wa zai riƙa zuwa wurinta, ƙarfe nawa take dawowa. Amma in ta ce za ta ba da na shekara, sai tambayoyin su ragu. Ashe tarbiyyar ma tana da farashi.

Ina waɗanda aka kora suke tafiya? Ba sa komawa Arewa, don abin da ya koro su yana nan. Suna gangarawa cikin fadama, ko su hau gefen dutse inda babu mai tambayar abans mai yawa don babu mai son wurin. Sai ranar da hukuma ta tuna da su. Mazauna garin nan ba su manta da zamanin Gilbert Tsimi Evouna ba, wanda aka yi wa laƙabi da Jack Bauer, lokacin da katafila ta share Ntaba a 2008, kuma ita kanta Birik ba ta tsira daga rusau ba. Ko kuwa ranar da ruwa ya tuna da su. A watan Oktoba na 2023, a Mbankolo, cikin wannan ƙaramar hukuma tamu ta Yawunde ta biyu, ruwa ya ɓalle daga tudu bayan mamakon sama, ya tafi da gidaje, mutum wajen 30 suka rasu. Washegari manya suka zo suka ce ai an hana zama a wurin. An hana. Amma babu wanda ke ɗaukar 'ya'yansa ya kai su ƙarƙashin dutse don sha'awar kallon gari. Wanda ya kwana a Mbankolo a daren nan, akwai ƙofofin da ya ƙwanƙwasa kafin ya isa can, kuma a kowace an tambaye shi wata nawa ya kawo.

Ba na jiran majalisa. In ta yi doka irin ta Kodebuwa, muna murna. In SIC ta bi gidajen Cité Verte ƙofa-ƙofa ta ga wa ke ciki da gaske, ta mayar da hayar da sunan wanda ke kwana a ɗakin, ta fi kowa sanin yadda za ta yi. Amma Birik ba ta buƙatar izinin kowa kafin ta gyara nata. Muna da sarakunan unguwa, muna da limamai, muna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na teloli da na mahauta. Unguwar da ke iya tara kuɗin gyaran masallaci cikin Juma'a biyu, ta iya zama ta ce: a nan ba a karɓar fiye da na wata uku, kosiyon wata ɗaya, kuma a rubuce, da shaidu biyu. Mai gida na tsoron a gudu da kuɗinsa? To a dawo da abin da muka gada, mai tsaya wa baƙo. Shugaban teloli ya tsaya wa yaron da ya zo ɗinki, sarkin fawa ya tsaya wa nasa, mai ɗaukar aiki ya sa hannu wa ma'aikacinsa. Wanda ya ci amana a sanar da sunansa a inda ya dace, kowa ya san shi, kamar yadda ake yi wa wanda ya ci bashin kasuwa. Limamai kuma, da ke tuna mana kowace shekara cewa matafiyin da guzuri ya yanke wa yana cikin masu cin zakka, su ɗan juyo da huɗubar kan sahun farko. Matafiyin yana nan a bakin ƙofa da jakarsa, bai ma roƙi zakka ba, cewa ya yi a bar shi ya biya wata-wata.

Da na kawo wannan magana a shirina, na gayyaci masu gidaje huɗu na unguwar su zo mu yi ta a iska. Biyu sun ce suna da tafiya. Ɗaya ya aiko a gaya mini in rage zafin baki, wai ina zubar da mutuncin Hausawa a gaban baƙi, kamar dai baƙin ba su san nawa ake karɓa ba. Na huɗun ya zo, kuma na gode masa, don ya zauna awa guda yana shan tambayoyin masu sauraro bai tashi ba. A ƙarshe ya ce ya ji, daga yau shi wata uku zai riƙa karɓa. Muka yi ta sa masa albarka, wata baiwar Allah ta bugo daga Tsinga har da guɗa. Bayan mako biyu wani ɗalibi ya je neman ɗaki a gidansa, ya dawo ya same ni a ofis. Abans wata uku ne, Alhaji bai saɓa ba. Kosiyon ne ya koma wata biyar.